Tarihin Albat Maikalson, Mutumin da Ya Mai da Haske Abin Awo

 A shafin tarihi na ɗan littafinmu na bana mun ɗauko rayuwar wani masanin kimiyya na ƙasar Amurka, Albat Maikalson, wanda Turawa ke rubuta sunansa Albert Michelson. Ya rasu tun shekarar 1931, kuma duk rayuwarsa sana'a ɗaya ya riƙe, wato awo. Sama da shekara hamsin yana auna abubuwan da tiya da sikeli da ma'aunin tela ba su iya kamawa. Na'urar da ya ƙera a 1881 ita ce kakar waɗanda ake duba fuskar ƙarfe da su a yau, a gane inda tsatsa ta fara ci tun ido bai kai ga gani ba. Abin mamakin kuwa, ba don ƙarfe ya ƙera ta ba, kuma abin da ya ƙera ta domin ya nemo bai taɓa samunsa ba.

Haihuwa da ƙuruciya

An haifi Maikalson ranar 19 ga Disamba 1852 a garin Strelno, wanda a yau yake cikin ƙasar Polan, amma a wancan lokaci yana ƙarƙashin mulkin Furusiya ta Jamusawa. Iyayensa Yahudawa ne, mahaifinsa Samuel ɗan kasuwa ne. A 1855, yaron yana da shekara biyu da ƴan watanni, iyalin suka yi ƙaura zuwa Amurka. Zamanin ne da mutane ke tururuwa zuwa Kaliforniya haƙar zinariya. Mahaifin bai shiga rami ba, kanti ya buɗe yana sayar wa mahaƙa kaya a wani ƙauye mai suna Murphys. Daga baya iyalin suka koma Virginia City a jihar Nebada, inda ake haƙar azurfa. Duk wanda ya san wurin haƙar ma'adini ya san ba wurin karatu ba ne, sai ƙura da hayaniya, kuɗi yau akwai gobe babu. Saboda haka a birnin San Faransisko yaron ya yi karatun sakandare.

Makarantar sojan ruwa

Da ya gama a 1869, iyayensa ba su da ƙarfin biya masa jami'a. Makarantar hafsoshin sojan ruwa da ke Annapolis kuwa kyauta take. Ya zauna jarrabawar neman gurbin jiharsu, ya yi kunnen doki da wasu, sai aka ba wani yaro gurbin. Da wani ne, da ya haƙura ya koma kantin babansa. Shi kuwa, yana ɗan shekara 16, ya hau jirgin ƙasa ya keta Amurka daga yamma zuwa gabas har birnin Washinton, ya kai kukansa wurin shugaban ƙasa Ulysses Grant. Guraben da shugaban ke da ikon bayarwa sun riga sun ƙare, amma nacin yaron ya sa daga bisani aka ba shi gurbi na musamman.

Ya kammala a 1873. A darasin ilimin haske shi ne kan gaba a ajinsu, a darasin tuƙin jirgi kuwa yana can kusa da na ƙarshe. Ya yi shekara biyu a teku, sannan a 1875 aka dawo da shi makarantar ya koyar da kimiyya.

Gudun haske

A nan ne ya gamu da tambayar da ta bi shi har tsufa: wai haske wane irin gudu yake yi? Mu dai muna kunna fitila sai mu ga ɗaki ya haskaka nan take. Amma haske tafiya yake yi, saurinsa ne ya fi ƙarfin ido. Wani Bafaranshe mai suna Léon Foucault ya auna shi a 1862 da madubi mai juyawa. Ga yadda dabarar take. Ana harba haske kan madubi mai juyi da sauri, madubin ya tura shi zuwa wani madubi da ke tsaye can nesa, hasken ya dawo. Kafin ya je ya dawo, madubin farko ya ɗan juya kaɗan, don haka hasken ba zai sauka daidai inda ya fito ba, zai ɗan goce gefe. In ka san nisan, ka san yawan juyin madubi a daƙiƙa, ka kuma auna gocewar, to lissafi zai ba ka gudun haske.

Maikalson ya fara gwadawa a 1878 da tarkacen kayan makaranta da kuɗin da ba su wuce dala 10 ba. Da surukinsa ya ga abin da gaske ne, ya ba shi dala 2,000. A 1879 ya tsawaita nisan zuwa kusan mita 600, ya samu cewa haske na cin kusan kilomita 299,900 a daƙiƙa guda. Wannan gudu ne da zai zagaye duniya fiye da sau bakwai a daƙiƙa. Adadin da ake aiki da shi yau shi ne kilomita 299,792 da ɗoriya. Kun ga saurayi ɗan shekara 26 bai goce da yawa ba.

Yadda igiya ke karo da igiya

A 1880 ya ɗauki hutun aiki ya tafi Turai ƙarin karatu, ya zauna a Barlin wurin babban malamin kimiyya Hermann von Helmholtz. A can ya ƙera na'urar da ta ɗaukaka sunansa. Amma kafin mu gane ta, sai mun ɗan tsaya kan haske kansa.

Tun wajen shekara dubu da suka wuce, Hasan ibn al-Haisam, mutumin Basra da ya zauna a Alƙahira, ya nuna a littafinsa Kitab al-Manazir cewa haske ne ke tasowa daga abu ya shiga ido. A farkon shekarun 1800 wani likita ɗan Ingila, Thomas Young, ya nuna cewa haske yana tafiya ne kamar igiya. Igiyar ruwa muke nufi fa, ba ta ɗaure akuya ba.

Ku jefa tsakuwa biyu lokaci guda a tabki, ku dubi inda da'irorinsu suka haɗu. Kowace igiya tana da tudu da kwari. Inda tudu ya gamu da tudu, ruwan zai ƙara tashi. Inda tudun wannan ya faɗa kwarin waccan, sai su kashe juna, ruwan ya kwanta. Haske ma haka yake. Tudu da tudu sai haske ya ƙaru, tudu da kwari sai duhu. Wannan shi ne karon igiyoyi. Launukan da kuke gani a kan ruwan da baƙin mai ya zuba a tasha bayan ruwan sama, ko a jikin kumfar sabulu, duk aikinsa ne.

Tazarar da ke tsakanin tudu da tudu ita ake kira tsawon igiya, kuma ta haske ƙarama ce ƙwarai. A cikin milimita guda akwai igiyoyin jan haske fiye da 1,500. Ke nan duk wanda ya iya ƙirga su ya samu ma'auni mai tsananin ƙanƙanta.

To, na'urar Maikalson ƙirga su take yi. Akwai gilashi a tsakiya da aka shafa wa azurfa sama-sama, yadda in haske ya same shi rabi zai wuce, rabi ya karkata gefe. Rabi na farko ya tafi gaba ya bugi madubi ya dawo, na biyu ya tafi gefe ya bugi nasa madubin ya dawo. Su sake haɗuwa a gilashin, su shiga idon mai kallo. Abin da zai gani shi ne ratsi-ratsi na haske da duhu a jere, kamar zanen tabarma. In ɗaya daga cikin madubin ya gusa da rabin tsawon igiya, wato kusan kashi ɗaya cikin 3,000 na milimita, sai kowane ratsi ya matsa ya hau gurbin maƙwabcinsa. Motsin da ido ba zai taɓa gani ba ya zama motsin ratsi da ake iya ƙirgawa. Turawa suna kiranta intafaromita, mu kuwa sai mu ce ma'aunin karon haske.

Gwajin da bai ba da abin da ake so ba

Me ya sa ya ƙera ta? Masanan zamanin sun yi tunani cewa igiyar ruwa tana buƙatar ruwa, sauti yana buƙatar iska, don haka dole haske ma akwai abin da yake tafiya a cikinsa. Suka sa wa abin suna etar, wanda Larabawa ke ce wa al-athir, suka ce ya cika sararin samaniya duka, ba a ganinsa, ba a taɓa shi. Duniya kuma tana zagaya rana da gudun kilomita 30 a daƙiƙa. In akwai etar, to ya kamata ya riƙa kwarara ta jikin duniya kamar kogi.

Ku ɗauki masu kwalekwale biyu masu ƙarfi ɗaya. Na farko ya tsallaka kogi ya dawo. Na biyu ya yi daidai wannan nisa yana hawan ruwa, sannan ya gangaro. Mai tsallakawa ne zai riga dawowa. Maikalson ya ce rabe-raben hasken nan biyu su ne masu kwalekwalen. In aka juya na'urar, wanda ke tsallakawa zai koma mai hawa, sai ratsin ya gusa.

Alexander Graham Bell, mai tarho, shi ya ba da kuɗin ƙera ta. Amma a Barlin kekunan doki da ke wucewa a titi suna girgiza ratsin har cikin dare. Sai ya kwashe kayan zuwa ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidan nazarin taurari a garin Potsdam. Can ma in mutum ya buga ƙafa da ƙarfi a nisan mita 100 sai ratsin ya ɓace. A Afrilun 1881 ya yi gwajin, bai ga gusawar da yake nema ba. Daga baya wasu masana biyu, Alfred Potier da Hendrik Lorentz, suka nuna masa ya yi kuskure a lissafi, ya ninka abin da ake tsammani sau biyu. Ke nan na'urar ba ta kai ta yanke hukunci ba. Ya karɓi gyaran.

Ya bar aikin soja ya zama malami a makarantar kimiyya ta Case da ke birnin Cleveland. A can ya haɗu da Edward Morley, malamin kimiyyar sinadarai a jami'ar da ke maƙwabtaka da su, mutum mai haƙurin awo irin nasa. Aikin bai zo da sauƙi ba. A 1885 yawan aiki ya kwantar da Maikalson har sai da ya bar gari neman lafiya. A 1886 gobara ta cinye ginin makarantarsu. Suka tattara abin da ya tsira suka koma wajen Morley.

A Yulin 1887 suka sake gwajin. Sun ɗora madubai a kan falalen dutse mai faɗin kusan mita ɗaya da rabi, suka sa shi yana yawo a kan ruwan zaiba, don ya juya sumul ba girgiza. Sun ƙara yawan madubai har tafiyar hasken ta kai mita 11. Dutsen na juyawa a hankali, sau ɗaya cikin minti shida, mai kallo yana bin sa a ƙafa, idonsa a kan ratsin. Suka yi haka da tsakar rana da kuma yamma, kwana huɗu. Lissafi ya ce ratsin zai gusa kashi huɗu cikin goma na faɗinsa, kuma na'urar tana iya ganin abin da bai kai haka ba nesa ba kusa ba. Amma shiru kake ji. Ɗan motsin da suka gani bai kai kashi ɗaya cikin ashirin na abin da suke jira ba.

Nan ne wurin da ya kamata mu tsaya, ƴan'uwa. Maikalson ya yarda da etar, manyan masanan duniya sun yarda da shi, ya kuma zuba shekaru shida a kan nemansa. Abin da ya samu ya saɓa wa son ransa. Duk da haka shi da Morley suka rubuta adadin yadda ya fito suka buga. A 1905 Albat Ainstain ya fito da nazarinsa da ya nuna gudun haske ɗaya ne ga kowane mai awo, kuma babu buƙatar etar. Gwajin 1887 ya zama ɗaya daga cikin ginshiƙan da wannan nazari ya tsaya a kai. Shi kansa Maikalson har ya tsufa ransa bai gama sakin etar ba, amma bai taɓa murɗa awonsa don ya dace da ra'ayinsa ba.

Sandar mita

Bayan shekara uku a jami'ar Clark, a 1892 ya koma sabuwar jami'ar Shikago ya shugabanci sashen kimiyyar fiziks. A wannan shekara ce aikinsa ya haɗu da ƙarfe kai tsaye.

Mitan da tela da magini ke awo da shi yana da uwa. Tun 1889 uwar mitocin duniya wata sanda ce da aka ajiye a Sèvres, kusa da Paris. An yi ta da gamin filatinam kashi 90 da iridiyam kashi 10, saboda waɗannan ba su tsatsa kamar baƙin ƙarfe. Amma sanda sanda ce. Zafi na miƙar da ita, sanyi na tsuke ta, tana iya karcewa, yaƙi ko gobara na iya halaka ta. Sai aka gayyaci Maikalson. Tsakanin 1892 da 1893, shi da René Benoît suka ƙirga igiyoyin jan hasken da sinadarin kadmiyam ke fitarwa, suka samu 1,553,163 da rabi a cikin mita guda. Daga ranar, ko sandar ta ɓata ana iya dawo da mita daga haske, shi kuwa haske ba ya tsatsa. A 1960 ƙasashen duniya suka ajiye sandar suka ɗaure mita da igiyar hasken sinadarin kirifton. A 1983 suka ɗaure shi da gudun haske kansa, wato adadin da Maikalson ya ƙare rayuwarsa yana bi.

Girma da ƙarshen rayuwa

A 1907 aka ba shi lambar yabo ta Nobel saboda na'urorinsa na awo da binciken da ya yi da su. Shi ne Ba'amurke na farko da ya same ta a fannin kimiyya. Mutum ne mai kamewa, ba mai yawan hira da ɗalibai ba. In ya tashi daga aiki yana goga kayan kiɗan Turawa mai kama da goge, yana zane da fentin ruwa, yana buga tanis. Ya yi aure sau biyu, ya haifi ƴaƴa shida. Lokacin yaƙin duniya na farko, yana da shekara 65, ya koma aikin sojan ruwa yana gyara na'urorin auna nisa.

A Disamban 1920, da na'urar da ya tsara aka ɗora kan babban madubin hangen taurari na dutsen Wilson a Kaliforniya, shi da Francis Pease suka auna faɗin jan tauraron nan Betelgeuse, wanda sunansa daga Larabci ya samo asali, a rukunin taurarin al-Jauza. Shi ne tauraro na farko, ban da rana, da aka auna faɗinsa. Sun samu kusan kilomita miliyan 386. Da za a ajiye shi a gurbin rana, da ya haɗiye duniyarmu da hanyar da take bi.

Sai ya koma kan tambayarsa ta ƙuruciya. A 1926 ya harba haske tsakanin dutsen Wilson da dutsen San Antonio, nisan kilomita 35, ya samu kilomita 299,796 a daƙiƙa. Bai gamsu ba, don iska da hazo suna shiga tsakani. Ya sa aka shimfiɗa bututun ƙarfe mai tsawon kusan kilomita ɗaya da rabi, aka zuƙe iskar ciki. Jiki ya riga ya ƙi, shanyewar jiki ta kwantar da shi, yana bin aikin daga kan gado. A Janairun 1931 ya haɗu da Ainstain a garin Pasadena. A garin ne ya rasu ranar 9 ga Mayu 1931, yana da shekara 78. Abokan aikinsa suka ƙarasa awon suka buga a 1935.

Gadon da ya bar wa masu aikin ƙarfe

Yanzu mu koma kan ƙarfe da tsatsa. Ku tuna na'urar tana da madubi biyu. Ku cire ɗaya ku sa guntun ƙarfe mai sheƙi a gurbinsa. In fuskar ƙarfen a shafe take tsaf, ratsin zai fito a miƙe kamar kunyoyin gona. In akwai ɗan tudu ko ɗan rami, hasken da ya sauka a wurin tafiyarsa ta ragu ko ta ƙaru, sai ratsin ya lanƙwasa, kamar yadda kunya ke kauce wa suri. Lanƙwasa mai faɗin ratsi guda tana nufin zurfin rabin igiya. Da irin wannan awo ake tantance ƴan tubalan ƙarfen da masana'antu ke daidaita ma'aunansu da su. Daga baya aka haɗa dabarar da madubin ƙara girman abu, aka sa mata kyamara da kwamfuta. Na'urorin yau suna zana taswirar fuskar ƙarfe, su nuna bambancin tudu da kwari har zuwa kusan nanomita guda, wato kashi ɗaya cikin miliyan na milimita, ba tare da an taɓa ƙarfen ba.

Me ya sa ake wannan wahala? Tsatsa na samuwa ne in baƙin ƙarfe ya haɗu da ruwa da iskar da muke shaƙa, gishiri kuma yana ƙara mata sauri. Akwai mai bin fuska gaba ɗaya, irin ta tsohon kwanon rufi. Wannan da sauƙi, kowa na ganinta. Akwai kuma mai huda, wadda ke fara ɗan rami kamar bakin allura ta nutsa ciki, kamar ƙwaro a cikin wake. Har farin ƙarfen nan na cokula da ake cewa ba ya tsatsa tana kama shi. Abin da ke kare shi wata fata ce siririya da sinadarin kuromiyam ke yi a samansa, kaurinta ƴan nanomita kaɗan. In gishiri ya huda fatar a wuri guda, sai rami ya fara.

Tsohuwar hanyar gwaji ita ce a auna nauyin guntun ƙarfe, a jiƙa shi a ruwan gishiri na wani lokaci, a sake aunawa. Amma mai huda ba ta rage nauyi sosai. Sikeli zai ce lafiya lau, alhali rami ya kusa fasa bututu. Ma'aunin karon haske kuwa yana ba da yawan ramukan da faɗinsu da zurfin kowanne. Bayan da aka ƙirƙiro hasken leza a 1960, aka samu hanyar kallon ƙarfe yana cikin ruwan gwajin, ana bin motsin ratsi yayin da fuskarsa ke canzawa. Da haka masu bincike ke gwada wane gami, wane fenti, wane maganin tsatsa ya fi ƙarko, kafin a sa shi a bututun ruwa ko jirgin sama ko ƙarfen da likita ke dasawa a ƙashi.

Don ku ga nauyin abin: ranar 15 ga Disamba 1967 gadar Silver Bridge da ke kan kogin Ohio a Amurka ta rufta da motoci a kanta, mutum 46 suka mutu. Bincike ya gano ƴar tsaga da ba ta wuce zurfin milimita 3 ba a jikin ƙarfe guda ɗaya, wadda tsatsa da nauyi suka haɗu suka yi shekaru suna buɗawa a wurin da ido ba ya kaiwa. Ma'aunin karon haske ba a kan gada aka fi aiki da shi ba, don har yau ba ya son girgiza, kamar dai a Potsdam, kuma ɗan wuri kaɗan yake dubawa a lokaci guda. A ɗakin bincike yake aikinsa, inda ake koyon yadda irin wannan ɓarna ke farawa don a zaɓi ƙarfen da zai jure.

Ƴan'uwa ɗalibai, a cikinmu akwai waɗanda za su zama maƙera, masu walda, magina, ƴan kasuwa, wasu kuma injiniyoyi. Kowannenmu wata rana zai riƙe ma'auni, kuma wata rana ma'aunin zai nuna abin da ba ya so. Maikalson ya gamu da irin wannan rana a Yulin 1887, ya rubuta abin da ya gani. Shi ya sa aka amince da na'urarsa a kan sandar mita, aka amince da ita a kan tauraro, yau kuma ake amincewa da jikokinta a kan ƙarfen da rayukan mutane ke rataye da shi.